Kumfa ta cika tankin ruwan kwamfutata, famfo kuma yana ƙara: ina mafita?

Nazifi:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Yau kwana huɗu ke nan da na haɗa kwamfutata ta farko mai sanyaya da ruwa, kuma gaskiya hankalina bai kwanta ba. Ga abin da ke ciki: famfo samfurin D5 da tanki a kansa, lagireto biyu, ɗaya mai milimita 360 a sama a kwance, ɗaya mai milimita 240 a gaba a tsaye, sai bulok, wato ƙarfen da ruwa ke bi ta cikinsa yana kwashe zafi, a kan CPU da wani a kan katin hoto. Tiyo mai laushi na sa. Babu yoyo ko ɗigo ɗaya, domin na shimfiɗa tishu a ƙarƙashin kowane mahaɗi na bar shi ya kwana, da safe na same shi a bushe.

Matsalar biyu ce. Ta farko, famfon yana wata ƙara jefi-jefi kamar an zuba masa tsakuwa, ya yi shiru, can kuma ya sake. Ta biyu, saman ruwan tankin akwai farar kumfa mai kaurin kusan yatsa biyu, ruwan da ke ƙarƙashinta kuma ya yi hazo-hazo, ba ka ganin bayan tankin sosai. Na ƙure famfon tun ranar farko don in kori iskar, amma kullum jiya i yau. Don Allah wanda ya taɓa fama da wannan ya taimaka mini.

Malam Auwal:
Wa alaikumus salam. Ka kwantar da hankalinka ƙanina, kowa ya bi ta nan. Ka bar famfon a ƙure, ka riƙa girgiza akwatin kwamfutar, iskar za ta fita da kanta. Idan ta ƙi, ka ɗiga ɗigo ɗaya na sabulun wanke-wanke a tankin. Ni haka na yi a tawa, cikin awa biyu duk ƙwayoyin iskar da suka manne a jikin tiyo suka saki.

Injiniya Bashir:
Malam Auwal, ka yi haƙuri zan saɓa maka a duka biyun. Nazifi, kafin ka taɓa komai ina son ka amsa mini tambayoyi uku. Ruwan da ke dawowa tanki, ta sama yake shiga ko ta ƙasa? Idan ta sama ne, akwai ɗan bututu a ciki da ke kai shi ƙarƙashin ruwa, ko faɗowa yake yi daga murfi? Sannan ka wanke cikin lagiretocin kafin ka ɗaura su?

Sai kuma gwaji ɗaya da ba zai ci maka minti uku ba. Kashe kwamfutar, ka zauna ka zuba wa tankin ido. Ka gaya mana ko kumfar ta kwanta, kuma cikin tsawon wane lokaci.

Nazifi:
Injiniya, ta sama yake shiga, kuma faɗowa yake yi. Na ga wani ɗan gajeren bututu a kwalin tankin amma ban san aikinsa ba, yana nan a ajiye. Lagireto kuwa ban wanke ba, na ɗauka tunda sababbi ne babu datti. Na yi gwajin yanzu: hazon ruwan ya washe cikin kamar minti ɗaya, amma kumfar saman rabinta ne ya kwanta. Sauran tana nan a manne da gefen tanki har bayan minti goma.

Injiniya Bashir:
To madalla, amsar ta fito. Ciwo biyu ne ke damunka, kuma maganinsu ba ɗaya ba ne. Wannan shi ne abin da yawancin masu farawa ke haɗawa wuri guda su rikice.

Ciwo na farko iska ce zalla. Ruwanka yana faɗowa daga murfi ya bugi saman ruwan tanki, yana tura iska ƙasa. Famfon D5 idan aka ƙure shi yana juyi kusan sau 4,800 a minti, kuma idan babu abin da ya tare masa hanya yana iya tura lita 1,500 a awa. Da irin wannan ja, ƙwayar iska ba ta samun damar tasowa sama, kafin ta taso an zuƙe ta. Tana shiga famfo farfelar ciki ta niƙe ta ta koma ƙanana ɗari. Ita kuwa ƙwayar iska, iya ƙanƙantarta iya jinkirin tasowarta. Ka ga ke nan ƙure famfon da ka yi kwana huɗu ba korar iska yake ba, niƙa ta yake yana zagayawa da ita. Hazon da kake gani ke nan, ƙarar tsakuwar kuma ita ce lokacin da babbar ƙwaya ta faɗa cikin farfela.

Ciwo na biyu ita ce kumfar da ta ƙi kwanciya. Tsabtataccen ruwa ba ya riƙe kumfa. Zuba shi a kwalba ka girgiza iya ƙarfinka, kana ajiyewa za ta fashe cikin daƙiƙu. Duk kumfar da ta yi minti goma a tsaye, to akwai wani abu a cikin ruwan da ke riƙe ta. A wurinka ina zargin dattin walda da ke cikin lagireto. Ana haɗa bututansa da dalma ne, kuma akwai maganin da ake shafawa don dalmar ta kama. Ragowarsa da ɗan maiƙo da ɓurɓushin ƙarfe sukan rage a ciki ko da sabo ne fil.

Malam Auwal:
Injiniya, ban ƙi ta taka ba a kan bututun, wannan kuskure ne a fili. Amma maganar rage gudun famfo ban gamsu ba. Iskar da ta maƙale a kusurwar lagireton sama, wane ruwa mai tafiyar hawainiya ne zai ɓamɓaro ta? Sai da ƙarfi. Na ga wanda ya bar famfonsa a lamba 2, wato yana gudu a hankali, wata guda, ranar da ya ƙure shi sai ga iska buɗuɗu ta fito daga lagireto, ruwan tanki ya sauka da yatsa uku.

Injiniya Bashir:
Gaskiyarka a nan, kuma ban ce a bar shi a hankali har abada ba. Ƙarfi yana ɓamɓaro iska daga maɓoyarta, sanyin gudu kuma shi ke ba ta damar rabuwa da ruwa a tanki. Kowanne da aikinsa. Abin da nake yi shi ne in ƙure shi na daƙiƙa ashirin ko talatin, in ga iska ta taho, sai in kashe gaba ɗaya ko in sauke shi ƙasa sosai, in jira ƙwayoyin su taso su fashe, sannan in sake. Kashewa da kunnawa ma kaɗai yana aiki, domin idan ruwa ya tsaya ƙananan ƙwayoyin da ke cikin bulok da lagireto suna haɗuwa su zama babba, babba kuwa ta fi sauƙin turawa kuma tana isa tanki take tashi sama. Abin da na ƙi shi ne a ƙure a tafi a bar shi.

Hauwa'u:
Ina son in yi magana a kan sabulun, don shawara ce da ke yawo sosai kuma akwai ƙamshin gaskiya a cikinta, shi ya sa take da haɗari.

Saman ruwa yana da wani ƙarfi kamar fata, shi ne ke sa ka ga ƙwaro yana tafiya a kan ruwa bai nitse ba. Wannan ƙarfin ne ke sa ƙwayar iska ta manne a jikin tiyo ta ƙi saki. Sabulu yana karya shi, don haka Malam Auwal bai yi ƙarya ba da ya ce ƙwayoyin sun saki. Amma shi dai wannan sabulun shi ne ke yi wa kumfa riga ta ƙi fashewa. Wanda ke kukan kumfa a tanki ka ce ya ƙara sabulu, ai ka ƙara wa Borno dawaki ne. Bayan haka, sabulun wanke-wanke ba abu ɗaya ba ne a ciki: akwai turare, akwai kala, sau da yawa akwai gishiri da ake sa wa don ya yi kauri. Gishiri kuwa ba abokin jan ƙarfe da nikel ba ne. Ruwan sanyaya da ake sayarwa a haɗe ya riga ya zo da maganin tsatsa da maganin gansakuka a gwargwadon da aka auna, ba a san yadda za su yi da abin da ka ɗiga musu ba.

Nazifi, wane ruwa ka zuba? Kuma ka gauraya shi da wani abu?

Nazifi:
Anti Hauwa'u, haɗaɗɗen ruwa ne mai haske, marar kala. Sai dai kwalbar lita ɗaya ce kuma ba ta isa ba, sai na cika da ragowar wani na daban da abokina ya ba ni. Shi ma marar kala ne, na ɗauka duk ɗaya ne.

Hauwa'u:
To ga wanda ake zargi na biyu. Ba a gauraya ruwan kamfani biyu, ko da kalarsu ɗaya. Kowanne da irin sinadaransa, haɗuwarsu tana iya kawo kumfa, tana iya kawo wani farin gari da zai je ya toshe ƙananan layukan da ke cikin bulok ɗin CPU. Layukan nan siraran gaske ne, ba su kai kaurin farce ba, abu kaɗan ke toshe su. Da ruwan bai isa ba, gara ka cika ɗan abin da ya rage da tataccen ruwa, wato distilled water.

Ka yi wannan gwajin don mu raba gardama. Samo kwalabe uku masu tsabta. A ɗaya ka zuba ɗan ragowar ruwan farko idan akwai, a ta biyu na abokinka, a ta uku ka zuƙo na cikin tanki da sirinji. Girgiza kowacce sau goma ka ajiye. Wadda kumfarta ta daɗe ita ce mai laifi.

Baba Ɗanlami:
Yara, ni aikin lagireton mota na sani, shekara da shekaru, sai da ɗana ya haɗa irin wannan kwamfutar na ga ashe hikimar ɗaya ce. Iska kullum sama take nema. Duk inda ya fi ko'ina tudu a zagayen ruwanka, can za ka same ta zaune. A mota shi ya sa wasu ke ɗaga gaban mota idan suna cire iska, don bakin lagireto ya zama shi ne ƙololuwa. Kai yaro, lagiretonka na sama ya fi tankinka tudu, ko ba haka ba? To iskar ba ta da dalilin saukowa da kanta. Sai ka juya akwatin yadda tankin zai hau sama da shi na ɗan lokaci.

Kuma kalma ɗaya a kan tataccen ruwa da 'yata ta ambata. Kada wani ya je ya ɗauko abin da ake kira ruwan batir bai karanta jikin kwalbar ba. Wani tataccen ruwa ne zalla, wani kuma da asid a ciki. Na biyun zai cinye maka lagireto.

Injiniya Bashir:
Baba ya faɗi magana. Bari in ɗora a kan juya akwatin, don a nan ake ɓarna.

Kada ka juya kwamfuta tana kunne gaba ɗaya. Zare komai daga akwatin wuta, wato na'urar da ke raba wa kwamfuta lantarki: babbar waya mai fil 24 da ke zuwa madabod (babban allon kwamfuta), wayar CPU, wayar katin hoto, da na faifan ajiya. Famfo kaɗai za ka bari. Don akwatin wutar ya tashi babu madabod, ana haɗa koriyar waya da kowace baƙa a kan filogin mai fil 24. Idan wayoyinka duk baƙaƙe ne kamar yawancin na yanzu, kada ka yi canke, ka nemi ɗan filogin da aka yi don wannan aikin, yakan zo tare da kayan ruwa. Amfanin haka biyu ne: idan ruwa ya ɗiga babu wuta a jikin allon, sannan makunnin bayan akwatin wuta ya zama shi ne makunnin famfonka, ka kunna ka kashe yadda kake so.

Ka ɗaure murfin tanki tam kafin ka karkata. Karkata gaba, ka riƙe daƙiƙa goma, baya, hagu, dama, a hankali. Za ka ji ƙulu-ƙulu daga lagireto, ka ga iska ta bi tiyo. Idonka kuma kada ya bar bakin da famfo ke shan ruwa. Ruwa ya kasance ya rufe shi a kowane lokaci. Famfunan D5 da DDC farfelarsu tana zaune ne a kan wani ɗan ƙwallon tangaran, kuma ruwan da suke turawa shi ne man shafawarsu. Famfon nan ba ya zuƙo ruwa daga nesa idan ya bushe, dole ruwa ya gangaro masa, kuma gudu a bushe ko na ɗan lokaci yana cin wannan ƙwallon. Idan ka ga ruwan tanki ya yi ƙasa, kashe, miƙe akwatin, buɗe murfi, ƙara ruwa, rufe, ci gaba.

Idan katin hotonka mai nauyi ne, sa hannu ɗaya ka tallafe shi yayin karkatawa. Tiyo mai laushi kuma kana iya matse shi da yatsa ka saki, wannan bugun yana tayar da iskar da ta kwanta a bulok. Masu bututu mai tauri ba su da wannan damar, sai ɗan ƙwanƙwasawa da yatsa.

Nazifi:
Injiniya, lagireton gaba bakinsa biyu suna ƙasa ne. Wannan ma matsala ce?

Injiniya Bashir:
Ba laifi ba ne, amma shi ne mafi wuyar cire iska. Ruwa zai hau ta rabi ɗaya ya sauko ta ɗayan, iska kuma ta taru a can ƙoƙon sama inda babu mafita. Idan ta yi yawa, wasu layukan lagireton ba sa samun ruwa, fanka tana ta hura ƙarfen banza. Ruwa ya fi iska ɗaukar zafi ta jiki fiye da sau 20, don haka duk inda iska ta zauna wurin ya tashi daga aiki. Ribar baki a ƙasa ita ce sauƙin zubar da ruwa ranar wanki. Wasu lagiretocin suna da ɗan noti a ɗaya ƙarshen don sakin iska, duba naka. Idan babu, sai ka kwantar da akwatin ta yadda bakunan za su kalli sama, ka kunna famfo ka kashe sau da yawa, muddin dai famfon yana cikin ruwa.

Sadiq:
Ku gafarce ni in shigo da tawa. Ni nawa irin rufaffen nan ne da ake sayarwa a haɗe, babu tanki, famfon yana kan CPU. Shi ma yana ƙulu-ƙulu musamman da safe idan na kunna. Na ji Injiniya ya ce baki a ƙasa yana tara iska, ni kuma an ce mini in sa tiyo a ƙasa. Wanne ne daidai?

Injiniya Bashir:
Duka biyun daidai ne, Sadiq, buƙatar ce ta bambanta. Nazifi yana da tanki, yana son iskar ta bar lagireto ta je can. Kai ba ka da tanki, kuma akwai ɗan iskar da ba za ka taɓa iya fitarwa ba, tana ma ƙaruwa da shekaru saboda ruwa yana tsirarewa kaɗan-kaɗan ta jikin tiyo. Abin da kake so shi ne ta zauna a inda ba ta cutarwa, wato ƙoƙon saman lagireto. Don haka ka tabbata saman lagireton ya fi famfon tudu. A sama a kwance shi ne mafi kyau. A gaba a tsaye ma ya yi, tiyo a ƙasa idan tsawonsa ya kai. Wanda ba a so sam shi ne lagireto a ƙasan akwati, famfo ya zama ƙololuwa, don iskar duk a cikinsa za ta tare.

Umar:
Tambaya a kan murfi. Wani ya ce mini a bar murfin tanki a buɗe kwana biyu don iska ta samu hanyar fita. Ni kuma ina tsoron ƙura.

Hauwa'u:
Ba sai ka bar shi a buɗe ba. Iskar ba fita waje take buƙata ba, rabuwa da ruwa take buƙata, kuma saman tanki ya ishe ta. Kana buɗewa ne don ka ƙara ruwa a gurbin da ta bari, da kuma sakin ɗan matsin da ke taruwa idan ruwa ya yi zafi. Kuma kada ka cika tanki maƙil har murfi. Ruwa yana kumbura da zafi, ka bar masa sararin kamar yatsa ɗaya.

Wani abu kuma da ke tayar wa mutane hankali a banza: ka gama cire iska tsaf, ka yi wasa awa biyu, sai ka ga ƙananan ƙwayoyi sun sake fitowa a jikin tanki kamar raɓa. Wannan ba yoyo ba ne. Ruwan sanyi yana riƙe iska a narke fiye da ruwan ɗumi. A digiri 20 na ma'aunin Celsius lita ɗaya tana riƙe kusan miligiram 9 na iskar oksijin, a 40 kuwa bai fi 6 da ɗoriya ba. Bambancin dole ya fito. Shi ya sa nake ganin yana da kyau bayan an tabbatar babu yoyo a ba kwamfutar aiki mai nauyi ruwan ya ɗumama, ya huce, ya sake ɗumama. Cikin sati ɗaya ko biyu za su ƙare.

Malam Auwal:
Hajiya Hauwa'u, na karɓi maganar sabulu, ba zan sake ba wani wannan shawarar ba. Amma ni tawa shekara guda ke nan babu abin da ya faru.

Hauwa'u:
Tataccen ruwa zalla ka zuba ko haɗaɗɗe? Idan zalla ne kuma ɗigo ɗaya tak ka sa, kana iya tsira, musamman idan ruwanka ta ƙasa yake dawowa babu abin da ke kaɗa shi. Amma tunda shekara ta cika, lokacin canjin ruwa ya yi. Idan ka zubar, ka buɗe bulok ɗin CPU ka duba layukan da fitila, ka zo ka ba mu labari.

Nazifi:
Na yi gwajin kwalabe. Na farko, ɗan abin da ya rage a gindin kwalbarsa, kumfarsa ta kwanta da wuri. Na abokina ya ɗan fi daɗewa amma shi ma ya kwanta. Na cikin tanki kuwa har yanzu da nake rubutun nan akwai kumfa a kai, kuma da na ɗaga kwalbar a fitila na ga wasu baƙaƙen ɓurɓushi ƙanana suna yawo. Ke nan sai na zubar da komai?

Injiniya Bashir:
Sai ka zubar, ƙanina. Na san da zafi bayan wahalar da ka sha, amma aikin yini ɗaya ne, kuma baƙaƙen nan da ka gani a kwalba hanyarsu ɗaya ce, cikin bulok.

Cire lagiretocin biyu. Ɗumama tataccen ruwa, zuba har rabi, toshe bakunan, girgiza sosai kamar minti ɗaya, juye a farin kwano don ka ga abin da ya fito. Maimaita har sai ruwan ya fito fes babu ɗigon baƙi. Wani lagireton sau uku ya isa, wani sai sau goma. Bulok ɗin CPU ka buɗe shi idan takardarsa ta yarda, ka goge layukan da buroshi mai laushi, ka lura da yadda zoben roba da ɗan farantin tsakiya suke zaune kafin ka cire su. Kada ka kusantar da sifirit ga duk abin da aka yi da akirilik, robar nan mai kama da gilashi, yana sa shi tsattsagewa. Bayan ka mayar da komai, zagaya tataccen ruwa zalla na 'yan awanni ka zubar, sannan ka zuba ruwa iri ɗaya tak.

Ɗan bututun da ke kwali kuma ka ɗaura shi a ƙarƙashin murfi, a bakin da ruwa ke dawowa, ƙarshensa ya nitse sosai. Idan tankin ya zo da soso ko wani ɗan faranti da ake sa wa a ƙasa, shi ma ka sa, aikinsa hana ruwa yin guguwa a kan bakin famfo. Guguwar nan idan ta yi tsawo tana zuƙo iska daga sama kai tsaye ko da tanki a cike yake.

Baba Ɗanlami:
Kuma wajen cikawa kada ka yi gaggawa. Da mazurari ko kwalba mai dogon baki, ka bi gefen tanki da ruwan. Cika, kunna, kafin ruwan ya kai ƙasa kashe, sake cikawa. Wanda ya zuba a hankali rabin iskar ma ba za ta shiga ba.

Umar:
Idan an yi duk wannan kuma iska ta ci gaba da dawowa bayan wata guda fa?

Injiniya Bashir:
To sai a nemi inda take shigowa. Mahaɗin da ke gab da bakin shan famfo yana iya zuƙar iska ba tare da ya ɗigar da ruwa ba, domin a wannan gefen matsin ya fi ƙasa. Zoben roba da ya murɗe ko noti da bai zauna daidai ba ya isa. Tishu ba ya kama irin wannan. Abin gwajin yoyo na iska shi ke kama shi: ka zubar da ruwa, ka hura kamar rabin bar (ma'aunin matsin iska), ka bar shi minti goma sha biyar, idan allurar ta sauka akwai ƙofa. Kada dai a wuce abin da takardar na'urar ta ce.

Nazifi:
'Yan uwa ga yadda aka kwana, bayan kwana takwas. Na yi yadda kuka ce. Lagireton 360 sai da na wanke shi sau bakwai, ruwan farko da ya fito launinsa ya yi shuɗi-shuɗi da baƙin gari a ƙasan kwano. Na 240 sau huɗu. A cikin bulok ɗin CPU na samu wani abu kamar zare-zare ya kwanta a bakin layukan, kusan kashi ɗaya cikin uku ya rufe. Na ɗaura bututun ciki, na zuba ruwa iri ɗaya.

Wajen cire iska na yi kunna-kashe kamar sau ashirin ina karkatawa. Lagireton gaba ne ya fi ba ni wahala, sai da na kwantar da akwatin sannan ya saki wata babbar iska da ta sauke ruwan tanki da yatsa biyu. Ranar farko akwai ɗan hazo, na bar famfon a kashi 35 cikin ɗari a BIOS, shafin saitin madabod, na kwana. Da safe ruwa garau. Kumfa babu ko kaɗan, ƙarar tsakuwa ta tafi, sai na kara kunne nake jin famfon. Zafin CPU a Cinebench, manhajar gwada ƙarfin CPU, ya sauka daga digiri 88 zuwa 76, kodayake na san rabin wannan wankin bulok ne ya kawo shi. Ƙananan ƙwayoyin da Anti Hauwa'u ta faɗa sun fito a jikin tanki a kwana na biyu da na uku, yanzu saura 'yan kaɗan a kusurwar bulok ɗin katin hoto. Allah ya saka muku da alheri, Injiniya, Anti, Baba, Malam Auwal.

Saura tambaya ɗaya: 'yan ƙwayoyin da ke kusurwar bulok ɗin, in sake karkatawa ko in ƙyale su?

Injiniya Bashir:
Amin. Idan a kusurwa suke, ba a kan layukan tsakiya ba, ƙyale su. Sau ɗaya a rana ka ɗaga famfon zuwa ƙarshe na rabin minti ka mayar da shi, za su bi ruwa. Ka sa ɗan tef a jikin tanki daidai inda ruwan ya tsaya yau, bayan sati biyu ka duba, ka cika abin da ya ragu.